Hanyar Zama Kakakin Gwamnati a Najeriya: Daga Ɗakin Labarai Zuwa Gidan Gwamnati

Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada ranar hawan sallah ya ga kakaki, dogon bututun ƙarfen nan da ba a busa wa kowa sai sarakuna. Mabushinsa na iya zama gwani na gaske, amma ba nasa kirarin yake busawa ba, kuma ba ya busa sai lokacin ya yi. Daga nan muka aro sunan da muke kiran mai magana da yawun shugaba, gwamna, minista ko hukuma. Matasa masu karatun aikin jarida sukan tambaye ni yadda ake kaiwa ga wannan kujera, galibi saboda sun ga mai ita a talabijin tsaye bayan gwamna. Abin da nake fara gaya musu shi ne, jarin wannan sana'a guda ɗaya ne: in ka faɗi magana a yarda. Kai za ka tara shi da guminka tun kafin a san da kai, maigidanka zai riƙa kashewa daga ciki kullum, kuma wajibi ne ka fita da saura a hannunka. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan jarin suke tafiya.

Mataki na farko: ka san ƙofar da kake nufa

Ƙofa biyu ce, kuma mutane da yawa suna rikita su. Ta farko ita ce aikin gwamnati na dindindin, wato layin jami'an yaɗa labarai. A matakin tarayya, mai digiri yana shiga ne a mataki na 08, ta hannun hukumar ɗaukar ma'aikatan tarayya, ya riƙa hawa da jarrabawar ƙarin girma har zuwa mataki na 17, inda ake zama darakta. Ma'aikatar Yaɗa Labarai ce ke tura irin waɗannan jami'ai zuwa sauran ma'aikatu su riƙe ofishin hulɗa da manema labarai. Jihohi ma kusan haka tsarin yake. Hanya ce mai nawa, amma gwamnati ta zo ta tafi kana nan, har ka cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki ka yi ritaya da fanshonka. 'Yan sanda da sojoji suna da nasu layin: jami'i ne cikin kaki ake ɗora wa aikin, kamar yadda Sani Usman Kukasheka ya riƙe kakakin rundunar sojan ƙasa daga 2015 zuwa 2019, lokacin da yaƙin Boko Haram ke kan ganiyarsa.

Ƙofa ta biyu ita ce naɗin siyasa, kuma ita ce mafi yawan masu tambaya suke hange. A nan babu jarrabawa, babu jerin gwano. Mutum ɗaya ne zai ce yana son ka, kuma ranar da ya daina so, ko ranar da wa'adinsa ya ƙare, naka ma ya ƙare. Kundin tsarin mulki na 1999 bai ɓoye wannan ba: sashe na 151 game da mashawartan shugaban ƙasa na musamman, da na 196 game da na gwamnoni, duk sun ce kujerar tana hannun wanda ya naɗa, kuma tana faɗuwa tare da shi. Sauran wannan jagora ya fi karkata ga ƙofa ta biyu, domin a can ne ake yawan karyewa.

Mataki na biyu: karatu da rajista

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Digiri ko babbar difloma a aikin jarida, daga Jami'ar Bayero, Jami'ar Ahmadu Bello, Jami'ar Maiduguri ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, zai buɗe maka ƙofar farko. Wanda ya karanta Turanci, Hausa, tarihi, kimiyyar siyasa ko shari'a ma ba a rufe masa ba. Abin da ake yawan mantawa shi ne rajista da NIPR, cibiyar ƙwararrun hulɗa da jama'a ta Najeriya, wadda aka kafa a 1963, dokar soja mai lamba 16 ta 1990 kuma ta ba ta ikon tantance masu wannan sana'a. 'Yan siyasa da dama ba sa tambayar wannan takarda idan za su yi naɗi. Kai dai ka mallake ta, za ta yi maka rana lokacin da siyasa ta juya kana neman aiki a kamfani ko wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa.

Mataki na uku: ka yi aikin jarida na gaske, ka daɗe a ciki

Dubi waɗanda suka riƙe kujerar a fadar shugaban ƙasa. Remi Oyo, wadda ta yi wa Obasanjo daga 2003, ta shugabanci ƙungiyar editocin Najeriya kafin nan. Segun Adeniyi editan ThisDay ne lokacin da Umaru Musa 'Yar'adua ya kira shi a 2007. Reuben Abati shugaban kwamitin sharhin jaridar Guardian ne kafin Jonathan ya ɗauko shi a 2011. Femi Adesina, wanda ya yi wa Buhari, ya fito ne daga shugabancin jaridar Sun. Garba Shehu ya riƙe kamfanin jaridar Triumph a Kano, ya shugabanci ƙungiyar editoci, sannan ya shafe shekaru yana kula da harkar yaɗa labaran Atiku Abubakar kafin Buhari ya naɗa shi a 2015. A jihohi ma haka: marigayi Isa Gusau wakilin Daily Trust ne a Maiduguri kafin ya zama kakakin Kashim Shettima, ya zarce da Babagana Zulum har rasuwarsa a Janairun 2024. Marigayi Imam Imam daga ThisDay ya koma wajen Aminu Waziri Tambuwal.

Ba haɗuwar sa'a ba ce ta sa dukansu suka biyo ta ɗakin labarai. A can ne ake koyon abubuwan da ba a koyarwa a aji. Za ka san ƙarfe nawa edita ke rufe shafin farko, don haka ba za ka saki sanarwa da tsakar dare kana tsammanin ganinta a jaridar safe ba. Za ka san cewa wakili ba maƙiyinka ba ne, mutum ne da editansa ke matsa wa lamba, wanda in ka ba shi jimla biyu masu ma'ana kafin lokacinsa ya ƙure, ya gode. Za ka san irin tambayar da ke zuwa bayan tambaya. Mafi girma, za ka tara mutanen da suka san ka tun kana yawo da rikoda a aljihu, waɗanda in ka kira su ka ce labarin nan da kuke shirin bugawa ba haka yake ba, za su dakata su sake bincike saboda kai ne ka faɗa.

Ka nemi a tura ka ɗauko labarai a majalisar dokoki, kotu, ko gidan gwamnati. Ka koyi karanta kasafin kuɗi har ka iya bambance kuɗin da aka ware da kuɗin da aka saki, domin rabin rigimar da kakaki ke shiga a kan wannan bambancin take. Sannan ka kula da ambulan, wato kuɗin da ake cusa wa ɗan jarida a wajen ɗauko labari. Na san halin da wakilai ke ciki, wasu gidajen jarida sai su yi watanni ba albashi, kuma ba zan zagi wanda ya karɓi kuɗin mota ba. Amma wanda aka san alƙalaminsa na sayarwa ne, ranar da ya zama kakaki abokan aikinsa na jiya za su riƙa auna kowace maganarsa da abin da suka sani game da shi. 'Yan siyasar da suka saba ba shi ma ba za su ɗauke shi da daraja ba.

A ganina, ƙasa da shekara biyar a fagen daga bai isa ba. Yanzu akwai gajeriyar hanya ta Facebook da X da TikTok, kuma ba zan raina ta ba: Bashir Ahmad ta nan ya zama mataimakin Buhari kan sababbin kafafen sadarwa yana matashi. Sai dai tara mabiya daban, iya tsayawa gaban 'yan jarida talatin ranar da aka yi rashin rayuka daban.

Mataki na huɗu: ka gyara Hausarka kamar yadda kake gyara Turancinka

A nan zan ɗan daɗe, don abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. A yawancin gidajen gwamnati na Arewa, da Turanci ake rubuta sanarwa, a goge ta, a sa hannu, sannan a miƙa wa wani ƙaramin ma'aikaci ya juya ta Hausa a gurguje. Alhali manomin da ke Kafin Hausa, da mai kayan miya a kasuwar Gusau, da matar da ke tuyar ƙosai da rediyo a gefenta, ta Hausar kaɗai za su ji. Sashen Hausa na BBC yana watsa shiri tun 1957, ga DW, ga RFI, ga Rediyon Tarayya na Kaduna, ga tashoshi masu zaman kansu da suka cika gari tun bayan buɗe Freedom Radio a Kano a 2003. Hirar minti uku da ɗaya daga cikinsu da safe ta fi shafi guda a jaridar Turanci tasiri a rumfar zaɓe. Ka tuna, lokacin da 'Yar'adua ke jinya a Saudiyya ƙasa ta cika da jita-jita, ta BBC aka fara jin muryarsa a Janairun 2010, kuma ma'aikacin sashen Hausa, Mansur Liman, shi ya yi hirar.

Don haka ka saba rubuta maganar da Hausa tun daga tushe. Ka zauna ka yanke yadda za ka faɗi abubuwa irin su cire tallafin man fetur, bashin da za a biya cikin shekaru, tantance ma'aikata, ba tare da ka cusa Turanci ba kuma ba tare da ka yi wa mutane lacca ba. Ka yi hattara da miliyan da biliyan, harafi ɗaya ne tsakaninsu a baki, amma kuskurensa kan jawo ƙaryatawar mako guda. Ka lura da karin harshe: kalmar da ta zauna daidai a Kano tana iya zama baƙuwa a Sakkwato. In jiharka tana da masu Fulfulde, Kanuri, Nupe ko wani harshe, ka nemi amintaccen mutum a kowanne, kada ka bar su suna jin gwamnatinsu ta bakin wasu.

Sannan ka bambance kanka da sojojin baka. Suna da aikinsu a siyasar Kano da maƙwabtanta, suna shiga rediyo su yi zambo su yi habaici, magoya baya su ji daɗi. Kakaki in ya sauka wannan fili, ya zubar da abin da ya sa ake saurarensa. Duk zagin da ya fito daga bakinka, gwamna ne ya yi shi.

Mataki na biyar: yadda ake shiga

Ba a tallata wannan aiki a jarida. Hanyoyin da na gani suna kaiwa uku ne. Ko ɗan siyasa ya daɗe yana karanta rubutunka ya ga kana da adalci ko da kana sukarsa. Ko wani babban edita da ya yarda da kai ya ba da sunanka lokacin da aka nemi shawararsa. Ko kuma ka shiga kwamitin yaɗa labarai na yaƙin neman zaɓe ka yi aiki a ga ƙwazonka, kamar yadda Garba Shehu ya jagoranci sashen yaɗa labarai na kamfen ɗin Buhari a 2015 kafin naɗinsa. In ta uku ka zaɓa, ka ajiye aikin jarida a fili tukuna. Kada ka riƙa rubuta wa ɗan takara jawabi da dare, da safe kana karanta labaransa a rediyo a matsayin ɗan ba-ruwanmu. Asirin ba ya daɗewa, kuma abokan aikinka ba za su manta ba.

Kada ka raina ƙaramar kujera. Sakataren yaɗa labaran kwamishina, na shugaban majalisar jiha, na sanata, ko jami'in hulɗa da jama'a na wata hukuma, duk makaranta ce. Gara ka yi kuskurenka na farko inda jaridu uku ne za su ɗauka.

Mataki na shida: abin da za ka tambaya kafin ka karɓi takarda

Murnar naɗi takan rufe wa mutane ido a nan, su karɓa ba su tambayi komai ba. Laƙaban suna da yawa: mashawarci na musamman, babban mataimaki na musamman, babban sakataren yaɗa labarai, darakta janar na yaɗa labarai, ga kuma kwamishina ko ministan yaɗa labarai a gefe. Laƙabin bai kai amsar waɗannan tambayoyin muhimmanci ba.

Tambaya ta farko, kuma ita ce uwa: zan iya ganin maigida kai tsaye, ko sai ta hannun wani? In sai shugaban ma'aikata ko wani ɗan gaban goshi ya ga dama za ka shiga, to za ka riƙa jin labarin gwamnatinka a bakin 'yan jarida, su kira ka suna neman ƙarin bayani kan abin da kai ba ka ma ji ba. Ka roƙi ganawa ta kullum, ko ta minti goma ce, da izinin zama a taron majalisar zartarwa ko da a kujerar baya. Segun Adeniyi ya ɗanɗana ɗacin wannan bayan an fita da 'Yar'adua zuwa Jidda a Nuwamban 2009: ƙasa gaba ɗaya tana jiran bayani daga mutumin da shi kansa ba ya samun ganin shugaban.

Ta biyu: wa ke magana a kan me? Buhari ya yi shekara takwas da kakaki biyu, Adesina da Garba Shehu, ga ministan yaɗa labarai Lai Mohammed a ma'aikata. Irin wannan tsari yana tafiya ne kawai in an raba aiki tun farko. Inda ba a raba ba, sai ka ga sanarwa biyu daga gida ɗaya suna karo da juna, 'yan adawa suna tafi.

Ta uku: akwai kuɗin gudanar da ofis, kuma ta wace hanya suke fitowa? Ta huɗu, wadda za ka faɗa cikin ladabi amma ka faɗa: “Ranka ya daɗe, zan kare ka iyakar ƙarfina, abin da ka ce a yi shiru a kai zan yi shiru, amma ina roƙon kada a sa ni faɗin abin da na san ba haka yake ba.” Yadda ya karɓi wannan magana zai nuna maka irin zaman da za ku yi. In daga aikin gwamnati ko jami'a za ka fito, ka nemi hutun aro, wato a ba da aronka na ɗan lokaci, a rubuce maimakon ajiye aiki. Kuma da zarar ka kama aiki ka cike fam ɗin bayyana kadara na hukumar ɗa'ar ma'aikata, doka ce.

Mataki na bakwai: aikin yau da kullum

Ranarka tana farawa bayan sallar asuba da rediyo a kunne da waya a hannu. Kafin maigida ya fito, ya kamata ka san abin da aka faɗa a kansa a shirye-shiryen siyasa na daren jiya, abin da jaridu suka buga, da abin da ke yawo a WhatsApp. Ka taƙaita masa a shafi ɗaya, har da marar daɗin. Mutanen da ke kewaye da mai mulki sun iya kawo masa labarin da yake so, in kai ma ka bi sahu, ba ka da amfani a gare shi.

A makonnin farko ka ziyarci sakatariyar ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ da ƙungiyar wakilan kafafen labarai na jihar, ka zauna da su ka sha shayi. Ka san manyan sakatarori da daraktocin ma'aikatu, musamman na kuɗi, lafiya, ilimi da ayyuka, domin su ne masu alƙaluma. Jami'an yaɗa labarai na dindindin da ka tarar, kada ka ture su gefe don kai ɗan naɗi ne, sun san inda kowace takarda take, kuma sun ga irinka da yawa sun zo sun wuce.

Sanarwa ta kasance gajeriya, abin da ya faru a jimlar farko, kirari a bar wa maroƙa. Lamba, suna, muƙami da kwanan wata, a duba su sau biyu. A Satumban 2023 fadar shugaban ƙasa ta sanar cewa Tinubu ne shugaban Afirka na farko da ya kaɗa ƙararrawar kasuwar hannayen jari ta NASDAQ a Amurka, sai aka tono cewa Jakaya Kikwete na Tanzaniya ya riga shi, dole aka fito aka janye. Binciken minti biyar ya isa ya hana wannan.

Ka ɗaga waya. Lokacin da nake wakili, akwai wani kakaki da in labari ya yi zafi sai ya kashe wayarsa, mu kuma mu rubuta cewa duk ƙoƙarin jin ta bakinsa ya ci tura. Washegari ya kira yana faɗa wai ba a ji ɓangarensu ba. Har ya bar kujerar bai gane cewa shirunsa ne ke rubuta labarin ba. Ko ba ka da amsa, ka ce ka ji, kana bincike, za ka kira kafin ƙarfe kaza, sannan ka kira ɗin. Ka kuma san cewa dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka rubuto mata. Kuma duk zafin da rubutun wani ya yi maka, kada ka zama mai ba da shawarar a tura 'yan sanda su kama shi. Ka nemi haƙƙin mayar da martani, in ɓata suna ne a tafi kotu. Kama ɗan jarida yana mayar da labarin kwana ɗaya ya zama na wata guda.

Mataki na takwas: ranar da abu ya ɓaci

A ce ƙarfe biyu na dare wayarka ta yi ƙara, an kai hari wani ƙauye. Baturen 'yan sanda na yankin ya ce mutum uku suka rasu. Dagaci, muryarsa na rawa, ya ce sun ƙirga goma sha ɗaya kuma akwai waɗanda suka gudu daji ba a gan su ba. Wani na kusa da maigida ya kira ka ya ce a tsaya a kan uku, kada a tayar da hankalin jama'a. Wakilan rediyo kuma za su shiga shirin safe nan da sa'o'i kaɗan.

Abin da za ka fitar a wannan sa'a shi ne abin da ka tabbatar kaɗai: an kai hari a wuri kaza, an yi asarar rayuka, ana kan tantance adadi, ga matakin da aka ɗauka, ga lokacin da za a sake yin bayani, sannan ta'aziyya ta gaskiya. Kada ka kama lamba don ita ce ƙarama. Mutanen ƙauyen su ne za su yi jana'iza, sun san gawa nawa suka sallata, kuma a yau kowannensu yana da wayar da za ta ɗauki hoto.

Tarihinmu na kusa ya isa darasi. A Afrilun 2014, kwanaki kaɗan bayan sace 'yan matan Chibok, hedikwatar tsaro ta sanar cewa an kuɓutar da duka sai takwas. Shugabar makarantar da iyaye suka ce ba haka ba ne, aka janye sanarwar, kuma an daɗe ana shakkar duk abin da ya fito daga wannan ofis. A Disamban 2020, da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, Garba Shehu ya ce yara goma ne ke hannun 'yan bindiga. Da aka sako su sai ga yara 344. Ya fito ya nemi afuwa, ya ce bayanin da aka ba shi ne ya kasance ba daidai ba. Neman afuwar abin koyi ne, kuma dalilin da ya bayar shi ne ainihin tarkon: wanda ya ba ka lambar yana cikin ofishinsa ba wanda ya san shi, kai ne sunanka ke kan maganar. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Saboda haka duk lambar da aka ba ka, ka tambayi wanda ya ƙirga, ka nemi majiya ta biyu da ba ta ƙarƙashin ta farko.

Akwai kuma jarabar kawar da hankalin jama'a. A Agustan 2017, bayan Buhari ya dawo daga jinyar sama da kwana 100 a Landan, aka ce zai riƙa aiki daga gida saboda ɓeraye sun yi ɓarna a ofishinsa. Duniya ta ɗauka ana ta dariya. A 2025 Garba Shehu da kansa ya bayyana cewa ya jefa maganar ne don a bar zancen lafiyar shugaban. Wasu a cikin sana'ar suna ganin wannan gwaninta ce, tunda dai an bar zancen lafiyar na ɗan lokaci. Ni ban yarda ba. Lafiyar shugaban ƙasa haƙƙin jama'a ne su sani gwargwado, kuma kowace dabara irin wannan tana rage kimar kujerar ga wanda zai gaje ta. Kana da hanyoyi na halal da yawa: ka ce ba za ka yi magana a kan wannan ba yanzu, ka ce ba a ba ka izini ba, ka ce sai an kammala bincike. Duk waɗannan 'yan jarida za su yi gunaguni su haƙura.

Mataki na tara: ra'ayinka na kanka

Daga ranar da ka karɓi aiki, shafinka na Facebook ya daina zama naka kai kaɗai. Salihu Tanko Yakasai, mai taimaka wa Gwamna Ganduje kan yaɗa labarai, an dakatar da shi a Oktoban 2020 saboda sukar da ya yi wa Buhari, aka mayar da shi, sannan aka sallame shi a Fabrairun 2021 bayan ya sake sukar gwamnatin APC kan tsaro lokacin sace 'yan matan Jangebe. Mutane da yawa sun yaba masa, kuma abin da ya faɗa yana zukatan jama'a a lokacin. Darasin ga mai shiga sana'ar shi ne, ba a haɗa biyun. In kana da saɓani da maigida, ka shiga ka rufe ƙofa ka faɗa masa gaskiya, wannan ma cikin aikinka ne. In abin ya kai inda zuciyarka ba za ta iya ɗauka ba, ka rubuta takardar ajiye aiki, ka fita da mutuncinka, sannan ka yi magana a matsayin ɗan ƙasa.

Iyalinka ma ka shirya su. Za a zage ka a rediyo matarka tana ji, za a tare ƙaninka a majalisa a ce yayanka maƙaryaci ne, 'yan uwa kuma za su cika ƙofar gidanka suna zaton kana kwana kan kuɗi.

Mataki na goma: ka shirya fita tun ranar shiga

Ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗanda suka fita lafiya, galibi suna da inda za su koma. Remi Oyo ta tafi shugabancin Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya a 2007, kujerar da Wada Maida, sakataren yaɗa labaran Buhari na zamanin soja, shi ma ya taɓa riƙewa. Segun Adeniyi ya koma ThisDay yana shugabantar kwamitin sharhi. Reuben Abati ya koma talabijin a tashar Arise. Samuel Aruwan daga kakakin Nasir El-Rufa'i ya zama kwamishinan tsaron cikin gida na Kaduna a 2019. Wasu sun buɗe kamfanin hulɗa da jama'a, wasu sun koma koyarwa, wasu sun shiga takara.

Don haka kada ka ɗaga rayuwarka zuwa inda albashin ɗan jarida ba zai iya riƙe ta ba, motar ofis da direba na gwamnati ne. Ka ƙaro karatu in ka samu sarari. Ka ci gaba da zuwa suna da jana'izar tsofaffin abokan aikinka, ka riƙa gaishe su ba sai kana neman a buga maka sanarwa ba. Ka riƙe littafin da kake rubuta abin da ya faru kowace rana, da kwanan wata da waɗanda suka halarta, amma ka tuna rantsuwar riƙe sirri da ka yi, dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan, takardun gwamnati ba a kwashe su a tafi da su gida.

Makon ƙarshe, ka rubuta takardar miƙa aiki: jerin wakilai da lambobinsu, alkawuran hira da ba a cika ba, bashin tallace-tallacen da kafafen labarai ke bin ofis, ma'ajiyar hotuna da bidiyo, da kalmomin sirri na shafukan gwamnati. Shafukan nan ka tabbatar tun farko da sunan ofis aka buɗe su, ba da lambar wayarka ba. Ka miƙa su ga wanda ya gaje ka ko da daga jam'iyyar da ta kayar da ku ya fito, ka sa hannu, shi ma ya sa, kowa ya riƙe kwafi.